Shin wasa zai iya koya wa yaro sana'a?

Malam Habu mai walda: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da tambaya, don Allah masu ilimin cikinmu su ba ni amsa ta gaskiya. Yaran da ke koyon aiki a shagona, da na ɗan fita sai su sulale gidan PS, wato gidan wasan bidiyo, na bayan layi. Akwai ɗaya cikinsu, har yau in na ce ya auno mini santimita 45 sai ya tsaya yana kallon mita, amma ya san kowane ɗan ƙwallon Turai da ƙafar da yake bugu da ita. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a can ana cinye shi ya sake, a cinye shi ya sake, ba fushi ba gajiya. A wurina kuwa in ya ɓata ƙarfe ɗaya na yi masa faɗa, gobe ba zan gan shi ba. Wani ya ce mini a ƙasashen waje har walda ana koyarwa da irin wannan wasa. Gaskiya ne? In gaskiya ne, akwai abin da mu nan Damagaram za mu iya ɗauka a ciki?

Alhaji Mutari: Wa alaikumus salam. Malam Habu, kar ka bari a ruɗe ka. Sana'a da zufa ake koyonta. Mu da muka koyi tuƙin babbar mota, sai da muka yi shekaru muna yaran mota, muna ɗaura kaya, muna kwana ƙarƙashin mota a hanyar Agadas, kafin a bar mu mu taɓa sitiyari. Wasa wasa ne, aiki aiki ne. Ranar da ka haɗa su, aikin ne zai lalace, wasan ba zai gyaru ba. Ka yi magana da iyayen yaran, shi ke nan.

Sanusi (Jami'ar André Salifou): Baba Alhaji, a yi mini afuwa in sa baki. Abin da aka gaya wa Malam Habu gaskiya ne. Akwai na'urorin kwaikwayon walda, kamar VRTEX na kamfanin Lincoln Electric a Amurka da Soldamatic da ake yi a Sifen. Yaro zai sa hular walda, ya riƙe abin riƙon sanda mai kama da na gaske, amma ba wuta, ba hayaƙi, ba ƙarfen da zai lalace. A cikin hular yana ganin ɗinkin waldar yana tafiya, in ya gama na'urar ta ba shi maki: hannunka ya yi sauri, ka karkata da yawa, ka yi nisa da ƙarfen.

Kuma abin ya daɗe. A 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera wani akwati mai ƴan fukafukai, mutum ya shiga ciki ya koyi tuƙin jirgin sama yana ƙasa. Da zugazugin masana'antar kayan kiɗa ta mahaifinsa ya sa akwatin yake karkata. A 1934, bayan matuƙan soja da dama sun mutu wajen kai wasiƙu cikin hazo da duhu, sojan Amurka suka sayi guda 6. A Yaƙin Duniya na Biyu matuƙa sama da 500,000 suka yi horo a cikinsa.

Alhaji Mutari: Ɗana Sanusi, wannan ai kayan aiki ka kawo, ba wasa ba. Abin da soja suka saya da kuɗin gwamnati ba shi ne abin da yaran Malam Habu ke dannawa a bayan layi ba.

Sanusi: Baba, kafin soja su kula da shi, masu wuraren shaƙatawa ne suka fara sayensa, mutane na biyan kuɗi su hau don nishaɗi. Akwatin bai canja ba. Abin da aka nufa da shi ne ya canja.

Zainabu (ma'aikaciyar jinya): Salam. Ni ma in ƙara daga ɓangarenmu. Akwai tiyatar da ba a tsaga ciki, sai a huda ƴan ƙananan ramuka a zura kyamara da dogayen kayan aiki, likita yana kallon allo hannunsa yana aiki a wani wuri. A 2007 wani likita a Niyok, James Rosser, da abokan aikinsa suka fitar da bincike a kan likitoci 33. Waɗanda suka taɓa sabawa da wasan bidiyo sama da awa 3 a mako sun yi kuskure ƙasa da na waɗanda ba su taɓa yi ba da kashi 37 cikin ɗari, kuma sun fi su sauri da kashi 27. Amma a lura da abu biyu. Mutum 33 ba su da yawa, kuma a kan kayan gwaji aka auna su, ba a cikin marar lafiya ba. Mu ma a makarantar koyon jinya a kan mutum-mutumin roba muka fara neman jijiya da karɓar haihuwa. Ba wanda zai yarda a fara koyo a jikin ɗansa.

Mushe Laminu: Barkanku da dare. Na karanta duka, kuma ina ganin Malam Habu ya riga ya faɗi amsar a cikin tambayarsa. Ya ce yaron ana cinye shi ya sake. Me ya sa? Domin a can kuskure ba shi da tsada. Ba a ɓata ƙarfen kowa ba, ba a zage shi gaban mutane ba, kuma nan take ya ga inda ya kauce. Ba sai ya jira ƙarshen wata ba. Sannan masu tsara wasan suna auna wahalar daidai ƙarfinsa: ba ta yi sauƙin da zai gundura ba, ba ta yi tsananin da zai fid da rai ba, in ya haye wannan mataki ga wani yana jiransa, kuma ya san nawa ya rage. A shago kuwa, ba na nufin naka kaɗai Malam Habu, har ajina, yaro na iya shekara yana kankare tsatsa da sayo shayi, bai san ranar da za a miƙa masa sandar walda ba, bai san me zai iya kafin a miƙa masa ba. Wannan duhun ne ke korar yara fiye da wahalar aikin.

To amma kar mu yi saurin murna da maganar Zainabu. Tiyatar nan ta yi kama da wasan: ido a allo, hannu a ƙasa. Shi ya sa aka ga alaƙa. A 2010 a Ingila, Adrian Owen da abokansa tare da BBC suka gwada mutum 11,430 na tsawon mako 6 da wasannin da ake tallar wai suna kaifafa ƙwaƙwalwa. Mutanen sun ƙware a wasannin da suka yi, amma da aka ba su wasu gwaje-gwaje na daban ba a ga sun fi sauran ba. Har a 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin Lumosity ya biya dala miliyan 2 saboda irin wannan talla. Ke nan wanda ya ƙware a wasan ƙwallon bidiyo na eFootball, a eFootball ya ƙware. Ba zai tashi ya iya awo ba. In kana son wasa ya koyar da walda, sai motsin hannun da ke cikin wasan ya zama motsin hannun mai walda.

Malam Habu: Mushe, maganar duhun nan ta shige ni. Mu haka muka taso, maigida ba ya gaya maka komai, kai dai ka zuba ido.

Ibro mai gidan PS: Tunda da mu ake, bari in yi magana. Ana ganinmu kamar masu ɓata yara, amma ni ina zaune da su kullum, ina ganin abin da iyayensu ba sa gani. Akwai yaron da aka kora daga lakwal wai ba ya ganewa, a wurina ya koyi karanta Faransanci saboda yana son ya fahimci abin da aka rubuta a allo. Akwai wanda yanzu shi ke kwance manet, wato abin da ake riƙewa ana danna wasan, ya gyara mini, har ya fara taɓa gyaran salula. Baba Alhaji, akwai wani wasa Euro Truck Simulator 2, wani kamfanin ƙasar Cek ya fito da shi a 2012, na tuƙin tirela ne zalla. Ba harbi ba faɗa. Ka ɗauki kaya, ka kula da mai, ka kula da gudu, in ka iso ka yi ribas da bodi ka shigar da ita inda aka zana. Wanda ya saba da shi ya riga ya san in kana ribas da tirela, bodi na tafiya ne saɓanin inda ka murɗa.

Alhaji Mutari: Wannan gaskiya ne, abin da ke fara rikita sabon direba ke nan. Amma ya san nauyin mota in an yi mata lodin albasa? Ya san yadda yashi ke jan taya bayan Tanut? Ya san barcin asuba?

Ibro: Bai sani ba, Baba. Ban ce a ba shi parmi ba. Na ce ranar da ya shiga oto-ekol ba daga sifiri zai fara ba.

Malam Tasi'u: Assalamu alaikum. Ibro, ka faɗi alherin, ka faɗi ɗayan ma. Ba a zuba kuɗi a kan wasa a irin gidajenku?

Ibro: Allah gafarta Malam, ana yi. Ni na hana a wurina, amma ba zan rantse a kan abin da suke ƙullawa a waje ba.

Malam Tasi'u: To nan damuwata take. Addini bai hana gasa ba. Hadisi ya zo da halascin sa lada a tseren doki da na raƙumi da harbin kibiya, kuma in ka duba duka ukun abubuwa ne da al'umma ke bukatar a ƙware a kansu a wancan lokaci. Mu ma a makarantar allo muna musabaƙa, kuma na ga yadda yaro ke tashi tun kafin asuba yana tilawa saboda ita. Amma caca caca ce ko a allon talabijin ne. Sai kuma salla da ke wucewa, da kuɗin cefane da yaro ke karkatarwa ya sayi mega ko lu'ulu'un Free Fire. Masu ƙera waɗannan wasanni ba don su koya wa ɗanka sana'a suka yi su ba, don ya daɗe a ciki ne ya kashe kuɗi. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta sa kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtukanta, jerin ya fara aiki a 2022.

Zainabu: Haka ne Malam, sai dai ba duk mai yawan wasa ake nufi ba. Sharaɗin shi ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan karatu da aiki da iyali, ya ci gaba duk da yana ganin illar, kuma galibi sai abin ya kai wata 12. Na faɗi haka ne don kar iyaye su ɗauka duk yaron da ya riƙe manet marar lafiya ne. Amma rashin barci kam muna ganinsa.

Sanusi: A Sin ma tun 2021 aka taƙaita wa ƴan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu.

Hajiya Rabi mai ɗinki: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni ba ruwana da PS, amma maganar gasa da maki na gwada ta. Na taɓa sa wa ƴan matan da nake koya wa ɗinki cewa duk wadda ta fi yawan riguna a mako zan ba ta turmin atamfa. Makon farko kamar abin arziki. Daga nan ɗinki ya fara karkacewa, ba mai tsayawa ta warware inda ta ɓata, kuma wadda ta fi iyawa ta daina nuna wa ƙanana yadda ake sa zif don kar su kamo ta. Waɗanda suka ga ba za su taɓa ci ba suka saki jiki gaba ɗaya. Da na janye atamfar, aikin ya koma ƙasa da yadda yake kafin in fara. Don haka masu cewa a sa maki a sa kyauta, a yi hattara.

Mushe Laminu: Hajiya, abin da kika gani masana sun gan shi tun 1973. Mark Lepper da abokansa a Amurka sun ɗauki ƴan yara masu son zane da kansu, suka yi wa wasu alkawarin takardar yabo in sun zana. Bayan ƴan kwanaki da aka ajiye musu kayan zanen ba alkawarin komai, waɗanda aka yi wa alkawari a baya suka rage zane fiye da sauran. Kyautar ta maye gurbin sha'awar, da ta tafi ba abin da ya rage.

Akwai mafi muni. A 2011 jaridu sun ba da labarin masu wanki a otal-otal na Disneyland a Kalifoniya, inda aka kafa manyan alluna masu nuna saurin kowane ma'aikaci da sunansa. Ma'aikatan da kansu suka sa wa allon suna bulalar lantarki, wasu har suna fasa zuwa bayan gida don kar a ga sun yi baya. To wannan ba wasa ba ne ko da an yi masa fenti kala-kala. Ni abin da nake so mu ɗauka a wurin masu wasan bidiyo ba allon gasa ba ne. Wurin da yaro zai yi kuskure ba a ci mutuncinsa ba, da matakan da yake gani da idonsa, da amsa ta nan take. In za a yi gasa, ya yi da makinsa na jiya.

Alhaji Mutari: Mushe, yanzu ka zo inda nake ji. Amma wannan ba sai mun je Amurka ba. A gayya, me ya sa ake kiran mai gangar noma? Samari su jera a kunya, ana kiɗa ana yi wa kowa kirari, gonar da za ta ci mutum mako a gama ta kafin azahar. Kuma ba wanda ake bari a baya, in ka gama kunyarka sai ka juyo ka tari na kusa da kai. Dara kuma, gida 30, kowa da ƴaƴa 12, duk dattijon da ya iya ta za ka same shi ba ya yanke magana da gaggawa. Ga wasan kara namu na nan Damagaram, samari su yi shigar gwamna da sarki da soja, su ƙera kayansu da karan hatsi. Wanda ya yi gwamnan wasa ya koyi tsayawa gaban jama'a ya yi magana.

Sanusi: To Baba ai kun yarda ke nan wasa na koyarwa.

Alhaji Mutari: Na yarda da wasan da ake yi da fartanya a hannu, gona kuma ta nomu. Ban yarda da wanda za a tashi ba a ga abin da aka yi ba. A kan dara ma, Mushe zai ce mini wanda ya iya dara dara ya iya.

Mushe Laminu: Zan faɗa kuwa, Alhaji. Wataƙila masu haƙuri ne tun asali ke zama su iya ta.

Malam Habu: To mu sauko ƙasa. Na'urar da Sanusi ya ambata, ko ba a faɗa ba na san ta fi ƙarfin shagona, sai dai cibiyoyin koyon sana'a ko FAFPA, asusun tallafa wa koyon sana'a, su duba. Ga ɗaukewar kuran lokacin zafi. Amma ina tunanin wani abu. Sandar walda da ƙarfe su ne ke sa ni faɗa, don kuɗi ne. In na sa fensir a bakin abin riƙon sanda, na ja layi a kwali, yaro ya sa hula da safar hannu ya bi layin yana ɗan kaɗa hannu yadda ake yi, ba abin da ya ƙone. In layinsa ya miƙe, ya wuce zuwa guntayen ƙarfen da nake tarawa don masu sayen tsohon ƙarfe. Daga nan haɗa biyu a kwance, sai a tsaye, sai sama da kai. In rubuta matakan a bango kowa ya san inda yake. Wanda ya gama, ƙofar farko da aka kawo shi zai yi, kuma a gaya wa mai ita wanda ya yi.

Mushe Laminu: Ka ƙara abu ɗaya. Duk haɗin da ya yi, a ɗaure a bugi wurin da guduma a gabansa nan take. In ya karye ya duba cikin da idonsa ya sake, kai kuma kar ka ce komai sai ya tambaya. Awon ma a mai da shi haka: kowa ya kalli ƙarfe ya faɗi tsawonsa, sannan a sa mita a gani.

Hajiya Rabi: A ɗinki ma muna da irinsa, bin layi a takarda da keke ba zare. Sai dai ban taɓa rubuta matakan a bango ba. Zan gwada, amma ba sunan kowa a jere daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe. Kowace da katinta a hannunta.

Sanusi: Ban so a ajiye maganar na'ura gaba ɗaya ba. Akwai abin da ba ya bukatar mega. Scratch, manhajar koya wa yara haɗa wasan kwamfuta da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, kyauta ne, akwai shi da Faransanci, kuma ana iya sa shi a kwamfuta ya yi aiki ba intanet. Yaro ke haɗa nasa wasan da kansa, a nan zai ci karo da lissafi da kusurwa ba tare da an ce masa darasi ne ba. Ƙungiyar War Child ta Holan ma tana da shirin koyar da lissafi da karatu ta wasa a allon hannu da ake caji da hasken rana, ta fara a Sudan, ya kai har Cadi da Yuganda. Ibro, injinanka ba kowa a kansu da safe. In ka yarda, ni da abokaina biyu mu zo da kwamfutocinmu ranar Asabar mu haɗa da talabijin ɗinka.

Ibro: Na yarda, daga ƙarfe 9 zuwa azahar. Man gurup in kuran ya tafi, sai mu raba.

Malam Tasi'u: Da sharaɗin a tashi in an kira salla, kuma ba ko dala a tsakanin yara.

Alhaji Mutari: Ni zan zo in ga tirelar nan da idona. Ra'ayina yana nan, amma in na ga yaro ya yi ribas daidai zan faɗa.

Hajiya Rabi: Duk wannan shirin na maza ne. Ba uban da zai bar ƴarsa ta shiga gidan PS, ko da safe ne, kuma ni ma ba zan ce ya bari ba. Cikin ƴan matana akwai masu kaifin kai da suka tsaya a aji shida. Su fa?

Zainabu: Hajiya ta yi gaskiya. In a shagonki ne, ni zan iya zuwa ranar da ba ni da aiki in zauna da su. Sanusi, akwai ɗalibai mata da suka iya Scratch ɗin?

Sanusi: Akwai biyu a ajinmu, zan tambaye su gobe in Allah ya kai mu. Hajiya, shagon yana da wurin jona kwamfuta?

Hajiya Rabi: Akwai guda, inda muke sa dutsen guga. Ranar Lahadi ba mu guga, sai su zo bayan la'asar.